Fiton da Baba Silo Bai Ji Ba

A garejin da ke bayan tashar manyan motoci, can ƙarshen layin masu walda, an daɗe da manta sunansa na yanka. Baba Silo kowa ke ce masa, har jikokinsa. Silo dai shi ne bugun injin mota lokacin da take tsaye a kunne ba a taka mata totur ba, kuma a kansa mutumin ya ƙarar da rayuwarsa. A kawo masa mota mai karkarwa, ko mai mutuwa da zarar an tsaya a mahaɗar hanya, ya saurare ta, ya ɗan murɗa wani sukuru da bai kai ƙwayar wake ba, sai ka ga ta kwantar da hankali kamar jaririn da aka ba nono.

A makarantar mishan ya koyi aikin yana saurayi, wurin wani tsohon Fada da ke kula da janareta da motar asibiti. Tsohon ba ya barin mai koyo ya taɓa sifana sai ya tsaya gaban injin, hannuwa a baya, ya saurara har ya iya faɗin abin da ke damunsa. Daga can Baba ya fito da halayen da bai taɓa sakewa ba: wanke hannu kafin aiki, ba bayan aiki kaɗai ba, jera sifanu bisa girmansu a kan farin tsumma, rigar aiki mai ruwan toka wadda ta sha guga. Zamanin kafireta ne lokacin, tsohuwar na'urar da ke haɗa wa injin mai da iska. In ka buɗe bonet kana hango ƙasa ta gefen injin, kowace mota da muryarta, matar direba kuma takan san ta mijinta tun kafin ta shawo kwana.

Yanzu Dogo ne ke riƙe da yawancin aikin garejin. Ɗan ƙanen Baba ne, a hannunsa ya tashi, ga shi har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Shi ke sauke injin, shi ke jona kwamfuta a jikin motocin zamani ya karanta abin da ta ce. Abu ɗaya ya rage wa Baba, amma shi ne babba: duk motar da aka gama, sai an kawo ta gaban bencinsa an buɗe bonet, ya miƙe ya saurara. In ya gyaɗa kai, ta fita. In bai gyaɗa ba, ta koma. Masu mota da yawa don wannan gyaɗa kan suke tsallake sauran garejoji su zo nan.

Abin da Baba bai sani ba, kowa kuma ya sani, shi ne kunnen ya fara tafiya. Ba rana ɗaya ya tafi ba. Siraran sauti ne suka fara ɓacewa. Ya riƙa cewa mutanen yanzu haɗiye magana suke yi, rediyon yanzu ba ta da murya, tsuntsaye ma sun ƙaurace wa bishiyar bakin gareji, alhali suna nan suna ta hayaniyarsu a kansa. Rurin injin mai kauri yana jinsa, abin da ya rage kuma tafin hannunsa kan cike masa idan ya dafa jikin mota. Mutanen garejin ba su taɓa zama sun shirya ba, haka kawai kowa ya koyi fuskantarsa kafin ya yi magana, ya ɗan ɗaga murya. Dogo kuma kan tabbatar mota ta zauna daidai kafin a kai ta gaban benci. Da matarsa Inna tana da rai da tuni ta faɗa masa, tana zuba masa abinci ko ludayi ba za ta ajiye ba. To, Inna ta rasu, tun daga nan kuma Baba ya zama sai a hankali: yana zuwa aiki, yana komawa gida, ba ya fushi, ba ya dariya sosai, abin da aka ajiye masa ya ci.

Motar da ta tona al'amarin ta surukinsa ce, mijin 'yarsa Auta. Sana'arsa sa gilashi da tagogin alminiyom, mutanen gareji kuwa har yau Ango suke ce masa, ko da yake 'ya'yansa sun shiga makaranta. A gaban Baba ko ido ba ya ɗagawa, amma a kan titi wani mutum ne daban. Ya kai motarsa wurin wasu samari masu ƙara wa mota ƙarfi, suka cire turbon da ta zo da shi suka sa babba. Turbo wata fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana ɗura wa injin iska don ya ƙona mai da yawa. Suka jera mata manyan bututu masu ƙyalli, suka liƙa wani lagireto na sanyaya iska a gaba, da wani bawul mai atishawa duk sa'ad da aka ɗaga ƙafa daga totur, suka kuma taɓa mata ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. A guje ba mai kamo ta. Amma da an tsaya, sai allurar agogon injin ta hau, ta sauko, ta sake hawa, motar ta girgiza ta mutu. In an kunna na'urar sanyi kuwa, ko gardama ba ta yi.

Samarin suka ce ai haka motar ƙarfi take, ya riƙa ɗan taka mata totur in ya tsaya. Ango ya yi ta lallaɓawa a haka, don kunyar kai wa Baba motar yake ji, ya san abin da ya yi mata. Sai ranar da ta mace wa Auta a tsakiyar shataletale, yara a baya, masu hon suka yi mata caa. Ta koma gida ta ajiye masa makulli, ta ce ko ya kai wa Babanta ko ya nemi mai kai yara makaranta.

Tun motar na bakin titi aka jiyo ta. Ban da rurin salansa, akwai wani siririn fito mai shiga kunne, irin na buta idan ta fara tafasa. Mai Waya, wanda ke gyaran wutar mota a rumfar gefe, abokin Baba kuma tun suna samari, ya ɗago kai daga batirin da yake dubawa. Dogo ma ya ɗago. Ko mai facin taya ya san wannan fiton: wani wuri ne ya tsage a bayan totur, injin na zuƙar iskar da ba a auna masa ba. In an gano wurin, kafin shayi ya huce an gama.

Ango ya fito ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi bayani yana kallon ƙasa. Baba bai ce komai a kan bututun masu ƙyalli ba. Ya je ya wanke hannu, ya sa aka buɗe bonet, ya tsaya hannuwa a baya. Ya daɗe a tsaye, fiton na ta yi daf da fuskarsa. Dogo ya buɗe baki zai yi magana ke nan, Baba ya riga shi.

"Ba iska ba ce," in ji shi. "Da tana shan iska ta gefe da na ji fito. Wannan shiru take. Mai ne ba ya isar ta."

Ango ya dubi Dogo, Dogo ya dubi Mai Waya, Mai Waya ya koma kan batirinsa.

"Haka ne, Baba," in ji Ango.

Wannan "haka ne" ita ta ɗaure kowa. Duk wanda zai ce iska ce bayan wannan, to ba maganar mota zai yi ba, cewa zai yi Baba ya kurumce, a gaban surukinsa kuma. Baba ya karɓi makullin ya jefa a aljihun gaba, ya sa aka shigar da motar rumfar ciki. Ya ce wannan da hannunsa zai yi ta, kada kowa ya taɓa. Karon farko ke nan da mijin 'yarsa ya roƙe shi wani abu.

Ya bi aikin daki-daki, yadda aka koya masa. Ya kwance fulogai ya jera su, ya ga bakinsu ya yi fari maimakon ruwan ƙasa, alamar iska ta fi mai yawa a cikin injin. Wannan ya ƙara masa tabbaci. Ya canza filtar mai, silo bai zauna ba. Ya auna ƙarfin famfon da ke cikin tanki, ya same shi lafiya lau, duk da haka ya ciro shi ya wanke ragarsa. Ya cire nozul-nozul masu fesa wa injin mai ya jiƙa su, ya hura, ya mayar. Ya wanke bakin totur, inda iska ke shiga injin, har ya koma kamar sabo, ya kwance ɗan bawul ɗin da ke ba injin iskar silo ya goge masa baƙin da ya taru. Kowane mataki daidai yake, ba mai kushe shi. Bayan kowanne sai ya tayar da mota ya tsaya yana kallon allura tana hawa tana sauka, fiton kuma ya cika rumfar ya fita waje. Masu kawo mota suka fara tambayar wace ce ke kuka haka, sai a yafito su gefe a ce su yi shiru.

Dogo ya gwada zagayowa ta gefe. Ya roƙi izini ya jona kwamfuta, ya karanta, ya fuskanci Baba ya ce ta nuna iska ta rinjayi mai. Baba ya ce ai abin da ya faɗa ke nan tun farko, mai ya yi kaɗan. Ashe kwamfutar ma tana da hankali. Dogo ya ce ko za a ɗan fesa fetur a jikin bututun a ji ko injin zai canza murya, don dai a cika ƙa'ida.

"Wannan dabarar marasa kunne ce," in ji Baba. Ba da faɗa ya faɗa ba, ko ɗagowa bai yi ba.

Rannan da rana, Baba na sunkuye cikin bonet ya ba su baya, Dogo da Mai Waya suka yi shawara kusa da shi ƙwarai, da muryarsu ta kullum. Dogo ya ce wa Mai Waya ai shi ne sa'an Baba, shi ke ce masa tsohon kafireta, Baba ya rama da ce masa ƙona-motar-mutane. Shi ya kamata ya faɗa masa.

"Zan iya ce masa mummuna," in ji Mai Waya. "Zan iya ce masa marowaci, ka sha ji. Duk ƙarya ce, shi ya sa take da daɗi. Wannan kuwa ba zan iya ba. Kai da ya rena, je ka faɗa."

"Ni in buɗe baki in ce wa Baba ba ya ji?"

"To ka gani."

Suka dubi bayan rigar Baba da gumi ya jiƙa. Dogo ya ce da zai samu makullin na ɗan lokaci da ya gano wurin ya toshe. Mai Waya ya ce in motar ta wayi gari ta warke da kanta, Baba fa ba yaro ba ne.

Ango kan zo kullum bayan ya tashi aiki, a motar haya, ya durƙusa ya ce ba gaggawa, Baba ya bi a hankali. Auta ce ke kawo abincin rana. Da ta fara jin fiton a gaban mahaifinta, ta tsaya da kwano a hannu ta dubi Dogo, ya girgiza mata kai. Ta ajiye kwanon, ta zagayo gaban Baba ta ce ya huta ya ci. Ya ce to. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya tana kallonsa yana ci, ta ce yara na gaishe shi, ya ce yana amsawa. Da ta tashi tafiya ta ce wa Dogo ita ta jawo, da ta sani da ta bar motar ta yi ta mutuwa.

Shi kuwa Baba ba ya jin wani zafi a ransa. Yana ganin hannuwansa suna aiki kamar na wani ne aka ara masa. Wani lokaci yakan tsaya da sifana a hannu ya rasa me ya zo kwancewa. Ya san bai taɓa mayar da mota da silonta a karkace ba, ya kuma san wannan na neman zama ta farko. Har ya fara shirya abin da zai ce: motocin yanzu ba na kunne ba ne, na waya da kwamfuta ne, wannan kuma an lalata ta tun a wurin samarin. Maganar ba ta yi masa nauyi ba. Zamani ya wuce mutum ba abin kunya ba ne, ya ga ya wuce waɗanda suka fi shi. Ko ba komai, kunnensa dai na nan.

Wata safiya ya ce bari ya duba sensa ɗaya da ta rage, mai auna iska, wadda ke maƙale can ƙarƙashin bututun da ke raba wa injin iska. Ya tayar da mota, ya kwantar da cikinsa a kan gefenta, ya zura hannu har kafaɗa yana lalube. Bai kai ga sensar ba yatsansa ya gogi wani siririn tiyo, wanda ya tashi daga nan ya tafi wurin bawul mai atishawa. Sai ya ji wani abu ya kama fatar yatsan ya tsotse ta. Nan take karkarwar da ke bugun cikinsa ta lafa. Motar ta zauna.

Ba sai an gaya masa ba. Tiyon ya tsage ta ƙasa, inda zafin injin ya gasa shi, tsagar ta kai faɗin farce. Iska ce.

Ya ɗago kai, hannunsa na ciki, ya ga garejin gaba ɗaya ya tsaya. Dogo, wanda ke kwance ƙarƙashin wata mota can nesa, ya turo kansa waje. Mai Waya ya juyo da guntun waya a baki. Mai facin taya ya leƙo daga bakin ƙofa. Har wata mata da ke zaune tana jiran motarta ta ɗago. Ba ɗayansu da ke ganin allura daga inda yake, ba kuma wanda ya dafa motar.

Baba ya janye yatsa. Karkarwar ta dawo, ya ga matar ta ɗan yamutsa fuska. Ya mayar, fuskar ta saki. Ya sake janyewa, ya sake mayarwa, yana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya a natse, kamar yadda ya bi fulogai. Shi a kunnensa ba wani siririn abu da ya zo ko ya tafi. Da suka gane abin da yake yi, kowa ya sunkuyar da kai.

Ya kashe motar, ya goge hannu, ya taka zuwa rumfar Mai Waya ya zauna.

"Tana fito," in ji shi.

Mai Waya ya cire wayar daga baki, ya fuskance shi sosai. "Tana yi."

"Tun yaushe?"

"Tun daga bakin titi, ranar da ta zo."

"Da ƙarfi?"

"Masu walda sun aiko a tambaya."

Baba ya ce to motocin da ya yi ta gyaɗa wa kai a 'yan shekarun nan fa. Mai Waya ya ce duk lafiya suka fita, Dogo ba ya wasa.

"Wato ni nake wasa."

"Kai dai tsohon kafireta ne," in ji Mai Waya, amma muryarsa ba ta ɗauki wasan ba. Ya juya yana neman abin da bai ɓata ba a cikin akwatin kaya.

Baba ya jira ya ji ko fushi zai zo, ko kunya. Ba abin da ya zo. Abin da ya lura da shi kawai shi ne, tun da suka fara magana bakin abokinsa yake kallo, ba idonsa ba, kuma bai san tun yaushe yake haka ba.

Ya koma ya yanko sabon tiyo mai kauri wanda ke jure zafi, ya auna shi da tsohon, ya bi da shi ta inda ba zai taɓa ƙarfe ba, ya ɗaure bakinsa biyu da kilif. Ya duba sauran ƙananan tiyon duka, ya canza wani da ya fara bushewa. Ya cire kan batir na ɗan lokaci don ƙwaƙwalwar motar ta manta kame-kamen da ta saba yi saboda ɓarakar, ya mayar, ya tayar, ya bar injin ya yi zafi. Ya kunna na'urar sanyi da fitilu. Allura ta ɗan nutsa, ta dawo, ta tsaya cak.

Ana haka Ango ya iso, yau bai jira tashi aiki ba, Auta na biye da shi da kwanon abinci. Aka kawo motar gaban benci kamar yadda aka saba, bonet a buɗe. Kowa ya matso yana jiran Baba ya miƙe. Bai miƙe ba.

"Dogo, zo ka saurara ka gaya mini."

"Baba, ai ta zauna, kowa ya..."

"Ban tambayi kowa ba. Saurara."

Dogo ya tsaya gaban injin. Ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, ya sa su a aljihu, ya fitar. Ya daɗe. Sannan ya juyo ya fuskanci Baba ya ce fiton ya tafi, silo ya zauna, sai dai fambel, bel ɗin da ke gaban injin, na ɗan ƙara, ba na yau ba ne, amma gara a ɗaure shi.

"To ɗaure," in ji Baba. "In ka gama ka sallame ta. Masu zuwa ma kai za ka riƙa sallama."

Ango ya durƙusa zai yi godiya, Baba ya tambaye shi ko ranar da ya ce haka ne yana jin fiton. Ango ya ce yana ji. Baba ya ce to, Allah ya yi albarka. Auta ta fara ba shi haƙuri, ya ce ta bar kwanon wa Dogo, shi ba ya jin yunwa.

Ya wanke hannu ya fita tun rana na sama, abin da bai saba ba. Hanyar gida ita ce ta kullum, gefen titi, motoci na zuwa ta bayansa. Bai yi nisa ba wani mai babur ya gifta shi har iska ta kaɗa masa riga. Mutumin ya waiwayo, babban yatsansa a danne kan hon, bakinsa na motsi, ba alheri yake faɗa ba. Baba ya tsaya ya bi shi da kallo har ya ɓace. Sannan ya duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama, ya tsallaka ɗaya gefen, inda zai riƙa ganin abin da ke tahowa, ya ci gaba da tafiya.